Ba Bana Ba

Kwana Ɗaya, 14 ga watan Azumi, 1380

Zuwa ga Kawu Abdulmuttalib, tela a kasuwar Wad Haddad.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kai da iyali kuna shan ruwa lafiya. Ni ne Jibirin, ɗan yayarka Fadimatu. Ka yi haƙuri da rubutuna, iyakar karatuna allo ne. Bana an sa ni cikin mutum biyun da ke fita cefanen gari Hajj Abdalla ranar Alhamis, shi ya sa na sami hanyar aiko maka. Direban lorin gishiri ya ce ya san shagonka. In za ka ba da amsa, shi za ka ba, kada ka ba kowa.

Shekara goma sha biyu ke nan da anka sauke jinkarka anka fitar da kai saboda ɗakin ƙasar da ka gina. Gari na nan yadda ka bar shi cikin shingensa na ƙaya. Ba a gini da ƙasa, ba a dasa itace, ba a haƙa rijiya, don mu matafiya ne, Makka muka nufa, kwana ɗaya kakanninmu sunka ce za su yi a nan. Bayan fitarka an ƙara doka ta huɗu: yaro ba ya wuce shinge sai ya yi azumi cikakke.

Ba ka san tagwayen Iya ba, Hasana da Huseina, bayanka anka haife su. Bara da bazara, da anka gama tsintar auduga anka rufe tur'a, magudanar da ke shayar da gonaki, munka koma shan kududdufin da ke saura a gindinta kamar kowace shekara. Yara shida sunka rasu cikin wata biyu da ciwon ciki. Hasana na cikinsu.

Huseina ba ta yi kuka sosai ba, tambaya ta shiga yi. Laifina ne kuma, don ni na ba ta labari cewa a Hajj Abdalla rami ne a ƙasa ake jawo ruwa daga cikinsa, garai kamar idon zakara, ko tur'a ta ƙafe. Tun kafin azumi nake ganin baƙar laka a farcenta, ina ganin akuyarmu ba ta son kwanciya a wurin da ta saba. Na yi shiru.

Shekaranjiya Ladan mai tsaron ƙofa ya ɗaga wata tsohuwar zana a bayan garkenmu, ya tarar da rami ya kai ƙirjin yaro. Su bakwai ne ke haƙa shi, da guntuwar fartanya da ƙwarya, suna kwashe ƙasar a rigunansu suna watsawa kan hanya kaɗan-kaɗan. Baba Sambo, wanda har yau shi ne uban gari, ya tara mutane bayan la'asar, ya sa yaran sunka cike ramin da hannunsu. Ya ce wanda ya haƙa rijiya ya gaya wa Allah ya fasa tafiya ke nan.

Huseina na kaɗe hannu ta ce, "Baba, kabari fa? Shi ma ai haƙa shi ake yi."

Ladan ya ɗaga hannu zai mare ta, Baba Sambo ya riƙe masa riga. Daga baya ya ce in an sake, jinkarmu za a sauke, mu bi bayanka.

Kawu, saura kamar wata guda a rufe tur'a. Na san yarinyar nan, ba za ta bari ba. Iya ba ta barci. Ka faɗa mini yadda zan yi.

Ka gai da matarka da yara duk da ba mu san juna ba.

Ɗanka, Jibirin

*

Wad Haddad, 20 ga Azumi

Ɗana Jibirin,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta same ni bakina cike da allurai, ɗinkin salla ya sha mini kai. Na karanta na ajiye keken ɗinki na fita bayan shago. Allah ya ji ƙan Hasana, ya ba yayata haƙuri. Yarinyar da ban taɓa gani ba, sai labarin mutuwarta.

Kana tambayata yadda za ka yi? Ya zol, in ji Larabawa, wace irin tambaya ce wannan? Ka ɗaura wa jaki kaya, ka sa uwarka gaba, ka riƙo hannun yarinya, ku fito tun ba a kore ku ba. Ina da ɗaki biyu na ƙasa, da hannuna na gina, har yau sama ba ta faɗo mini ba. Akwai rijiya a bakin masallaci, akwai makarantar 'yan mata. Yarinyar da ta iya tambayar nan ta kabari bai kamata ta tsufa tana tace 'ya'yan kwaɗi da mayafi ba.

Matafiya. Shekara hamsin da ɗoriya ana tafiya, ba a wuce garken awaki ba. Ni da anka kora na fi su kusa da Makka, ko ba komi jirgin ƙasa na bi ta ƙofar shagona. Na tambayi hakim, mai ba da magani a shafakanarmu, ɗan asibitin nan, ya ce ruwan da ya kwanta shi ke kawo ciwon cikin, shi ke kawo tsargiya. Ya ce ku riƙa tafasawa. Na ce masa mutanen da ba su dasa itace da me za su tafasa, da gemun Sambo?

Kada ka ce mini mutumin kirki ne. Na san abin da za ka ce ke nan, halin ubanka gare ka, ko kura ta cije shi sai ya ce yunwa ta sa ta. Ina tsaye anka rushe ɗakina, Sambo na zaune kan buzu yana jan carbi. Ban manta ba, ba kuma zan manta ba.

Na sa wa direba yadi uku na atamfa, ɗaya na yayata, sauran na mai tambaya. Ku fito bayan salla. Halas, magana ta ƙare.

Kawunka, Abdulmuttalib

*

Kwana Ɗaya, 28 ga Azumi

Kawu,

Assalamu alaikum, ina gaisuwa. Saƙo ya iso, Allah ya saka da alheri. Iya ta rungume atamfar ta yi ta shinshina, ta ce ƙanshin hannunka ne. Na ce mata ƙanshin lorin gishiri ne, ta jefe ni da mara.

Na karanta mata takardarka, na tsallake wurin gemu. Ta ce ba inda za ta. Mijinta na nan kwance, 'yarta na nan kwance, uwarku na nan. Ta ce in an sauke jinka, a gindin shinge za ta zauna ta waje. Ka san ta fiye da ni. Kuma Kawu, ko mun fito, yaran gari arba'in da wani abu ne. Ɗakinka biyu ne.

Ba zan ce maka mutumin kirki ne ba tunda ka hana. Abin da na gani kawai zan faɗa. Ruwan da muke sha shi yake sha. Jikansa Audi, wanda ya fi so, wata uku ke nan yana fitsarin jini, ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Manya na yi wa yaron barka, wai alamar girma ce, namiji ya fara nuna. Baba Sambo ba ya cewa barka. Ranar Litinin da hantsi na zo ba awaki dusa, na tarar da shi tsaye inda anka cike ramin, yana dannawa da sandarsa yana jin laushin wurin. Idonsa ya yi rauni yanzu, bai gan ni ba. Na koma da baya.

Huseina ta yi lamo, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Farcenta fes. Amma kisra, wainar dawarmu, na ɓacewa daga faifai, na kuwa gano tana shanya ta a kan jinka tana tarawa a tsumma. Jiya muna dakan gero ta ce, "Yaya, ranar ɗaurin kaya, in mutum ya fita ta ƙofar gabas da kayansa a ka, gaskiya ne ba a tare shi?"

Na ce haka anka ce, ba a mayar da mai niyya, zunubi ne babba.

"Ko yaro ne?"

Na ce ba a taɓa yi ba balle a sani. Ta ce to, ta ci gaba da daka.

Ɗaurin kaya goma ga Shawwal ne kamar kullum. Ina tunanin in gaya wa Iya, ina tunanin in yi shiru. Ka sa mu a addu'a, Allah ya kai mu salla lafiya.

Jibirin

*

Hajj Abdalla, 12 ga Shawwal

Kawu,

Assalamu alaikum, barka da salla. A shagon mai gishiri nake rubutu, zan yi tsawo, ka yi haƙuri.

Ranar Talata anka yi ɗaurin kaya. Ka tuna yadda ake yi: kowa ya naɗe tabarma ya ɗaure tukunya ya aza a ka, a taru a ƙofar gabas, Ladan ya janye ƙayar da ba a janyewa sai ranar, Baba Sambo ya taka taku uku waje, ya dubi hanya, ya yi addu'a, ya juyo ya ce ba bana ba, mu ce Allah ya kai mu baɗi, a koma a ci tuwo. Yawancin ƙunshin nan yanzu ciyawa ce a ciki, don kada wuya ya yi ciwo. Na sani, don ni ke aza wa tsofaffi.

Ya juyo ya ce, "Ba bana ba." Kafin mu amsa, sai Huseina ta ratso tsakanin mata cikin sabuwar atamfarka, ƙunshi a kanta, yara takwas a bayanta, har da Audi. Ta durƙusa ta ce, "Baba, mu bana ne. A yafe mu." Ta miƙe ta wuce ta gefensa.

Mutane sunka yi dariya, an ɗauka wasa ne. Da sunka yi nisa dariyar ta mutu. Ladan ya zabura zai bi su, Baba Sambo ya ce, "Koma. Wa ya isa ya tare mai niyya?" Ya ce rana za ta koro su kafin azahar. Iyaye mata sunka tsaya da kaya a ka, ba wadda ta sauke. Na ce a bar ni in bi su da jaki da salka. Baba Sambo ya ce in je, amma kada in ce musu su juyo.

Na cim musu a gadar tur'a ta biyu. Sun tsara abinsu: manya biyu a gaba, ƙanana a tsakiya, Huseina a baya da sanda. Ta dube ni ta ce, "In korar mu ka zo yi, ka yi zunubi." Na ce ruwa na kawo. Ta ce to in bi sahu.

Kawu, yaran nan ba su taɓa ganin komi ba. Sun ga ɗakin ƙasa, sunka tsaya suna shafa bango. Sun ga motar mufattishi, mai duba gonakin auduga, ƙananan sunka faɗa cikin kwari sunka rufe kai. Audi ya gaza tun kafin azahar, na ce ya hau jaki, ya ce alhaji ba ya fara tafiya da raki. Ya ƙara kamar taku ɗari ya zube, sannan ya yarda.

A wani ƙauyen Larabawa wata tsohuwa na jan ruwa ta kira mu. Sunka kewaye rijiyar suna leƙawa. Ta zuba musu a ƙwarya. Mero, 'yar autarsu, ta ƙi sha. Ta ce wannan ba ruwa ba ne, ba shi da launi, kananzir ne. Sai da na sha ta gani. Huseina ta sha ta tambayi tsohuwar da ɗan Larabcinta ko yaransu na mutuwa da bazara. Ta ce mutuwa ta Allah ce, amma bara ba su binne ko ɗaya ba.

Da la'asar sakaliya munka tsallake titin jirgi munka iske kogi. Nan tafiya ta tsaya. Sun zata Makka na bayan gonakin auduga. Wani Bahaushe mai lambu a bakin ruwa ya sauke mu, matarsa ta tuƙa musu tuwon asida. Na ba wani mai raƙumi saƙo ya kai gida cewa suna lafiya. Washegari na kai Audi shafakana, hakim ya duba shi ya ba da magani, ya yi ta yi mini faɗa kamar ni na haife shi.

Muna dawowa munka tarar da Baba Sambo a kan jaki, Ladan na ja. Tun rasuwar ubansa, shekara talatin, bai wuce taku ukun nan ba. Anka sauke shi a gindin lemo. Ya ce, "Ina uwar tambaya? Kun isa Makkar?"

Ta ce, "Ruwa ya tare mu, Baba. Kai muke jira ka nuna mana inda ake ƙetarewa."

Ya juya fuska wajen kogin, ƙararsa kawai yake ji. Ya ce, "Ban sani ba."

"To in an ƙetare, ina ake bi?"

"Shi ma ban sani ba. Ina ɗan shekara biyar anka sauke ni a Kwana Ɗaya. Duk abin da na riƙe na tafiyar nan, faso ne a ƙafar uwata."

Audi ya matso ya ce, "Kaka, hakim ya ce jinin nan ba girma ba ne. Tsutsa ce ta ruwan kududdufi."

Ya lalubo kan yaron ya dafa. Huseina ta ce, a hankali, ba da rashin kunya ba, "Baba, in tafiya ce mu tafi. In zama ne, a bar mu mu sha ruwa."

Ladan ya ce wallahi bai taɓa ganin yarinya marar ta-ido irin wannan ba. Baba Sambo ya ce, "Ni ba tare ku na zo yi ba, ba ni da iko. Roƙonku nake ku koma wurin uwayenku. Ranar Juma'a zan yi magana." Yaran sunka dubi Huseina. Ta ɗauki ƙunshinta ta juya yamma.

Jiya da yamma munka isa gida. Ladan da dattawa uku na cewa wannan ya fi rami muni, a sauke jinkarmu kowa ya huta. Iya ba ta kwance kayanta ba, tana zaune a kansu. Gobe ce Juma'ar. In ka gan mu a ƙofar shagonka, ka san yadda ta kaya.

Ɗanka, Jibirin

*

Hajj Abdalla, 19 ga Shawwal

Kawu,

Assalamu alaikum. Tunda ba ka gan mu ba, ka san jinkarmu na nan.

Bayan sallar Juma'a ya ce kada kowa ya tashi, a kira mata su tsaya a bayan rumfa. Ya miƙe ba sanda. Ya ce ubansa na gargara ya kama masa hannu, ya sa shi ya rantse ba zai bar mutanen nan su manta inda sunka nufa ba. Ya ce, "Na riƙe rabin alkawari na yar da rabi. Ba ku manta ba, amma ban kai ku ba. Shekara talatin ina cewa ba bana ba, kuna zaton wani abu nake gani a hanya. Ba abin da nake gani. Tsoro nake ji."



Ya ce shi bana ne. Mai so ya bi shi. Wanda ya zauna kuma ya sani shi mazauni ne, dokar matafiyi ba ta kansa, kuma ba a ce ya fasa niyya ba, Allah na ganin zuciya. Mutum goma sha ɗaya sunka miƙe, yawanci tsofaffi, har da matarsa. Ladan ya yunƙura ya koma ya zauna. Uwarsa ta shekara uku ba ta taka ƙasa, shi ke ɗaga ta. Ya sunkuyar da kai yana hawaye, ba wanda ya dube shi da dariya.

Wani daga baya ya ce, "Malam, rijiyar fa? A haƙa?"

Ya ce, "Kada ku tambayi matafiyi abin da za ku yi a garinku."

An sayar da awaki da dawa an haɗa musu guzuri. Mai lambun nan ya san wakilin alhazai, shi ke ta kai da kawo kan takardunsu. An rufe tur'a tun ranar Lahadi. Ni da jakai huɗu muke jigilar ruwa daga rijiyar tsohuwar nan saboda yara, mutanenta ke ja mana, manya na tafasa na kududdufi da karan auduga. Ba ya isa, amma ana lallaɓawa. Mun yi magana da wani mai haƙar rijiya, ya ce ƙasarmu laka ce mai zurfi, bai yi mana alkawarin komi ba.

Ranar Talata za su hau jirgi a nan, na Sinnar, daga can su nufi Bor Sudan. An ce yana tsayawa a mahattarku, tashar jirgi, wajen hantsi. Ban ce ka je ba. Lokacin kawai na faɗa maka.

Iya na gaishe ka, ta kwance kaya.

Jibirin

*

Wad Haddad, 25 ga Shawwal

Jibirin,

Wa alaikumus salam. Kai ma munafuki ne irin ubanka, Allah ya ji ƙansa. Wai lokacin kawai ka faɗa mini.

Ban yi niyyar zuwa ba. Zare ne ya ƙare mini, mai zaren kuma kusa da mahatta yake. Farin yadin da ke hammatata ma haka nan na ɗauko shi, tsayi biyu, daidai harami. Tela ya rasa abin da zai kai sai tufar da ba a ɗinkawa.

Na bi tarago-tarago har na gan su a na ƙarshe, a takure kamar kaji a akurki, kowa ya ƙanƙame ƙunshinsa. Ya tsufa ƙwarai, ya zol. A raina ƙato nake ɗauke da shi duk shekarun nan, ashe ɗan tsoho ne da bai fi buhun auduga nauyi ba. Na tanadi maganganu tun ranar da na fita ta ƙofar nan, na sha maimaita su a kan keke. Na tsaya a taga na ce salamu alaikum, shi ke nan abin da ya fito.

Ya karkato kai ya ce, "Wannan muryar Abdulmuttalib ce." Na ce ita ce. Na tura masa yadin, ya shafa ya gane ko mene ne. Ya ce in matso. Ya ce, "Ɗakin nan naka. Da safen ranar da anka rushe shi, kafin a taru, na shiga ni kaɗai na dafa bangon. Sanyi gare shi kamar randa. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Ka iya gini." Sannan ya ce in yafe masa.

Jirgi ya yi kuka ya fara motsi. Ina bin taga ina cewa na yafe, ban sani ba ko ya ji, ƙarar ta yi yawa. Na koma shago ban sayi zaren ba.

Ka gaya wa yayata ina nan tafe in na sallami ɗinkin babbar salla. Ka gaya wa mai tambaya ta tanadi tambayoyinta, ni ba na cewa ban sani ba, ko ban sani ba sai na ƙirƙiro. Me ake ciki da ramin? Kada ka ɓoye mini in ya ƙi.

Kawunka, Abdulmuttalib

*

Kwana Ɗaya, 25 ga Zulƙida

Kawu,

Assalamu alaikum, muna lafiya, yara duka na nan a ƙirge, Audi ya fara cin tuwo da yawa. Matafiya sun aiko daga Sawakin, bakin teku kusa da Bor Sudan, suna jiran jirgin ruwa.

Rami ya kai gaba goma sha uku. Sati biyu ƙasa busasshiya ake fitarwa, har wasu sun fara cewa alhaki ne. Ladan kuwa shi ke riƙe igiyar mai haƙa tun safe har la'asar, tafinsa duk ya sale. Jiya ƙwaryar ƙarshe ta fito, Huseina ta damƙi ƙasar ta matse ta buɗe hannu, ta tsaya a dunƙule da shatar yatsunta. Mai haƙa ya ce kwana uku, in Allah ya so.

Sai da ya faɗi haka munka dubi juna. Duk garin nan ba mai guga, ba kuma wanda ya taɓa ja. In za ka taho ka sayo mana biyu, da igiya mai tsawo, ka zo ka koya mana.

Iya na gaisuwa, Huseina na gaisuwa. Allah ya kawo ka lafiya.

Ɗanka, Jibirin